Kwana Goman da Gwaggo Ta Roƙa

Jiya da hantsi ɗiyar maƙwabciyata ta samu cokali da kwanon tasa, ta zauna a bakin ƙofa tana bugawa. Ina cikin tsintar shinkafa, ban san lokacin da na miƙe tsaye ba, har faranti ya kife. Kusan shekara arba'in ke nan rabona da gidan da ake kiran mutum da wannan ƙara, amma jikina bai manta ba. Da na durƙusa ina kwashe shinkafar, sai na ji abin nan ya taso mini. Na daɗe ina kiransa baƙin ciki saboda ya fi daɗin faɗa a gaban mutane. Gaskiyarsa fushi ne, kuma zan gaya maka inda ya samo asali.

A unguwar Umarari ta Maiduguri na tashi, a gidan kakana na wajen uba. Gidan ƙasa ne mai zaure ɗaya da ɗakuna uku, da darbejiya a tsakar gida wadda inuwarta ke kaiwa har bakin rijiya. Kaka da ƙuruciyarsa makiyayi ne. Da fari ya cinye masa garke, sai ya shigo gari ya zama dillali a kasuwar shanu. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, kuma an ce kallo ɗaya yake yi wa sa ya faɗi shekarunsa. Matarsa ta rasu tun ba a haife ni ba, ta bar masa 'ya'ya uku. Baffa shi ne babba, yana da gidansa a Lamisula, yana lodin shanu zuwa kudu. Sai Gwaggo. Sai mahaifina, auta, wanda ke zaune a Dala yana harkar fata.

Gwaggo ta dawo gida ne bayan ta fita takabar mijinta, da niyyar ta ɗan huta kafin ta san abin yi. Tana da sana'a a hannunta. Ta koyi haɗa turaren wuta da humra wajen matan Shuwa, kuma iyayen amare suna zuwa nemanta daga unguwanni masu nisa. A shekarar aka ba ta riƙona, ina da shekara biyar. A shekarar kuma Kaka ya faɗi a wajen alwala bayan la'asar, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Da aka sallamo shi daga asibiti, Baffa ya tsaya a tsakar gida ya ce da Gwaggo, “Ki ɗan riƙe shi kafin mu ga yadda za a yi.”

Shekara bakwai ba a ga yadda za a yi ba.

Kai da ba ka taɓa jinyar mutumin da ba ya iya juya kansa ba, bari in faɗa maka abin da ke cikin “ki ɗan riƙe shi”. Da ta sallame sallar asuba za ta ɗora ruwa. Ta zare ledar da ke ƙarƙashinsa, ta kwashe abin da ya yi, ta wanke shi, ta shafa masa man kaɗe a baya da ƙugu da dugadugai. Ta sa kafaɗarta a hammatarsa ta ɗago shi, mutumin da ya ninka ta nauyi, ta jingina shi da bango. Ta ba shi kunu cokali-cokali, domin in aka yi sauri sai ya shaƙe. Kafin ta gama wankin zannuwa ya sake ɓatawa. Tana juya shi kowane ɗan lokaci don kada jikinsa ya kwanta ya yi gyambo. Da yake muryarsa ba ta fita sosai, sai ta ajiye masa kwanon tasa da cokali kusa da hannunsa na hagu. In ya buga, ko a banɗaki take sai ta fito.

Da bazara, lokacin da Maiduguri ke zama kamar cikin tanda, ɗakin ya kan yi wani wari da ba turaren da ke iya rufe shi. Za ta jiƙa zane ta rataya a taga, ta zauna da mafici tana yi masa fifita har hannunta ya ƙage. Da damina kuwa zannuwan ba sa bushewa, sai ta shanya su a kan igiya cikin ɗakinmu, mu kwana a ƙarƙashinsu suna ɗiga. Wani lokaci hankalinsa ya kan koma daji. Ya yi ta kiran shanunsa da suka mutu tun kafin a haife ni, ɗaya bayan ɗaya, yana ƙoƙarin sauka daga gado wai rana ta yi ba a kai su ruwa ba. Sai ta ce masa, “Baba, an kai su, sun sha.” Sannan ya kwanta.

Abin da ya fi ci mini rai, da na girma na gane shi, shi ne wankan. Mace ce, mahaifinta ne, kuma mu mutane ne masu kunya. Yana da 'ya'ya maza biyu a cikin gari ɗaya, lafiyarsu ƙalau. Amma ita ce ke kwance masa zane kullum, ta kau da fuskarta gefe, hannunta yana aiki ba tare da idonta ba. Shi kuma ya runtse ido, hawaye yana gangara zuwa kunnensa. Sau da yawa na tsaya a bakin ƙofa da buta a hannu ina jin shirun da ke tsakaninsu.

Sana'arta ta mutu a hankali. Turare yana son mutum ya tsaya a kan kasko, in ka ɗauke ido sukari ya ƙone. Sau uku kwanon ya yi ƙara tana tsakiyar haɗi, ta dawo ta tarar da gawayi. Daga nan ta kife kaskon a bayan ɗaki. Biki ya daina ganinta, suna ya daina ganinta. Aminiyarta ta rasu a layin bayanmu, ba ta samu zuwa gaisuwa ba sai bayan kwana tara, shi ma a tsaye. Laffayarta mai kyau ta yi shekaru a ninke a ƙasan akwati har layin ninkin ya zauna mata.

Mazan kuwa, ran Juma'a suke zuwa. Su sauko daga masallaci da manyan riguna, ƙamshi yana tashi, a shimfiɗa musu darduma a ɗakin da Gwaggo ta kwana biyu tana gogewa saboda zuwansu. Su tarar da shi fes, an sa masa farar riga, an taje masa gemu. Baffa ya riƙe hannunsa ya ce, “Baba, jiki ya yi kyau, ma sha Allah.” Su ci burabiskon da ta dafa. In za su tafi, Baffa ya ɗaga murya yadda masu wucewa za su ji, ya ce an kawo buhun gero yana zaure. Ba zan yi masa ƙarya ba, bai taɓa barin gidan ba abinci ba. Amma gero ba ya juya marar lafiya.

Gwaggo tana da 'ya ɗaya tak, tana aure a Gombe. Da yake 'yar fari ce, ba ta taɓa kama sunanta ba, sai dai ta ce “yarinyar nan ta Gombe”. Ta yi shekaru ba ta samu haihuwa ba, sai a shekara ta bakwai ta jinyar Kaka aka aiko cewa tana da ciki. A al'ada gida ya kamata ta zo ta haihu. Amma wani direba ɗan unguwarmu ya kawo saƙo daga mijinta cewa ƙafafunta sun kumbura, fuskarta ma haka, ba za ta iya doguwar tafiya ba, kuma kullum uwarta take kira.

Juma'ar da ta biyo baya, bayan sun ci abinci, Gwaggo ta zo ta durƙusa a bakin ƙofar ɗakin. Ina bayanta da kwanuka. Na san abin da ya ci mata kafin ta buɗe baki a kan maganar 'yar fari a gaban yayanta.

Ta ce, “Yaya, ina neman alfarma. Yarinyar nan ta Gombe ba ta da lafiya. Kwana goma nake so. Ɗayanku ya zo ya zauna da Baba, in je in gan ta in dawo.”

Baffa ya goge hannunsa, ya ce, “Kwana goma? To wa zai iya da shi in ba ke ba? Ke ya saba da hannunki.”

Ta ce, “Ni ma ba a haife ni da iyawar ba.”

Ya yi dariya kaɗan, irin dariyar da ake yi wa yaro. Ya ce, “Ke kam kin samu abin da kowa ke nema. Aljannarki ce a kwance a nan, ki tafi ki bar ta? Bari a sha ruwa, a yi salla, sai mu ga.”

Ta juya wajen mahaifina. Yana kallon darduma, yana bin zanenta da yatsa. Ta ce, “Auta, kai fa?” Ya ce, “Adda, abin da Yaya ya faɗa shi ne.” Mahaifina mutumin kirki ne, ina ƙaunarsa har gobe, kuma a ranar ya ci amanar yayarsa da kallon darduma.

Aka yi azumi, aka yi salla. Ta sake magana. Baffa ya ce yanzu lokacin lodi ne, 'yan kudu sun cika kasuwa. Ta sake. Ya ce ai mata suna haihuwa kullum a Gombe ba tare da iyayensu ba. A nan ne na fara ganin wani abu ya sauya a Gwaggo. Ta daina yi mini tatsuniya. Wata rana da rana tsaka Kaka ya buga kwano, tana zaune a gindin darbejiya da wanki a gabanta, ba ta tashi ba. Ya sake bugawa. Ta toshe kunnuwanta da hannayenta masu kumfa, ta ce da ƙarfi, “Na ji! Na ji! Ni kaɗai ka haifa?” Sai kuma ta zabura kamar an watsa mata ruwa, ta ruga ɗakin, na ji tana roƙonsa gafara tana kuka. Matar da ta yi shekara bakwai ba ta ɗaga masa murya ba, sun kai ta inda ta yi wa mahaifinta tsawa. Wannan ma a wuyansu yake.

Saƙo na biyu ya zo farkon damina. Direban bai ma shigo ba, daga zaure ya ce mijin ya ce in tana da halin zuwa ta zo yanzu.

Washegari Litinin ce. Gwaggo ta yi wa Kaka wanka kamar na Juma'a, ta sa masa babbar rigarsa da hula. Ta ɗaure zannuwansa da ledarsa da fo da man kaɗe da kwanonsa a ƙunshi guda. Sannan ta durƙusa kusa da kansa ta ce, “Baba, zan kai ka gidan Yaya. Zan je Gombe in ga jikarka. Kwana goma, in Allah ya yarda zan dawo in ɗauke ka.” Ranar hankalinsa yana nan. Ya daɗe yana kallonta, sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ɗora a kanta. Da ƙyar kalmar ta fita, amma mun ji ta: “Je ki.”

Maƙwabciyarmu ta katanga, wata dattijuwa Babarbariya, ita ta aika aka kira akori-kura. Da direban motar da wasu mutum biyu daga bakin layi aka ɗauki Kaka a kan katifarsa aka sa a baya. Gwaggo ta zauna ta ɗora kansa a cinyarta, ni na riƙe masa laima. Shekara bakwai bai ga titi ba. Idanunsa suka yi ta bin itatuwan darbejiya da ke wucewa. Da muka ci karo da wasu shanu ana kora su, sai ya yi wani sauti a maƙogwaro, ban sani ba ko murna ce ko kuka.

Mun tarar da Baffa a ƙofar gidansa, ya sa ƙafa ɗaya a mota zai tafi kasuwa, ga mutanensa tsaitsaye. Gwaggo ta sauko ta ce a shiga da shi. Aka wuce da Kaka ta gabansa, aka shimfiɗe shi a falon da yake saukar baƙi.

Baffa ya biyo mu, fuskarsa ta yi baƙi. Ya ce, “Wane irin hauka ne wannan? A gaban mutane za ki tozarta ni?”

Ta ce, “Mahaifinka ne na kawo maka, Yaya. In shi ne tozarci, to na yi shekara bakwai da shi ban mutu ba.”

“Ni na ce ba za ki je ba? Cewa na yi ki jira.”

“Na jira azumi, na jira salla, na jira lodi. Yarinyar ba za ta jira ba.”

Ta kwance ƙunshin ta jera kayan a gabansa ɗaya-ɗaya, tana faɗin amfanin kowanne kamar mai karantarwa. A juya shi bayan kowace salla da tsakanin salloli. Kunu kada ya yi kauri. In ya ɓata, a wanke nan take, a tsane da kyau kafin a shafa mai. Sannan ta jawo ni gabanta ta ce, “Zan bar ta saboda ta san tsarin. Baki za ta yi muku, ba hannu ba. Shekararta goma sha biyu, in na ji an sa ta ɗaukar fo, ni da ku ne.” Ta gyara laffayarta, wadda ninkin akwati bai sake ta ba, ta fita zuwa tashar jirgin ƙasa. Ba ta waiwayo ba. Daga baya ta gaya mini da ta waiwayo da ba ta tafi ba.

Matar Baffa tana dafa kunu tana wanke zannuwa, amma ba za ta kwance wa surukinta zane ba, kuma ba mai ganin laifinta. Aiki ya faɗo inda ya kamata ya faɗo tun farko. Baffa ya gwada sau ɗaya. Ya naɗe hannun riga, ya ɗaga zanen, ya saki ya fita da gudu yana toshe hanci. Ya ɗauko wani mutum daga cikin masu yi masa aiki a kasuwa, mutumin ya kwana ɗaya ya gudu. Ya ɗauko wani, shi kuma yana juya Kaka kamar buhu. Ina tsaye ina cewa lokacin juyi ya yi, ana ce mini in bari a gama cin abinci. Kaka ya yi ta buga kwano, baƙin Baffa suna zaure suna ji, har Baffa ya sa aka ɗauke cokalin. Na ɓoye wani a zanena na mayar masa.

A kwana na uku mahaifina ya zo. Ya shiga falon ya ji warin, ya ga mahaifinsa kwance cikin jiƙaƙƙen zane. Ya dube ni ya ce, “Yaya Adda take yi?” Na gaya masa. Ya tuɓe rigarsa ya rage daga shi sai singileti, ya durƙusa. Yana cikin yi amai ya taso masa, ya fita ya yi, ya kuskure baki ya dawo ya ƙarasa. Da ya zo ɗaga shi ya jingina, sai ya kasa, sai da ya sake shiri. Ya zauna a ƙasa yana haki, ya ce, “Ita kaɗai take ɗaga shi?” Na ce e. “Kullum?” Na ce sau da yawa kullum. Ya rufe fuskarsa da hannu. Ban ji tausayinsa ba a lokacin. Na ce a raina, daga Dala zuwa Umarari ba tafiyar kwana ba ce, da ka zo ran Talata ko Laraba da ka gani tuntuni.

Tun daga ranar yake zuwa safe da yamma. Amma kwana ukun farko sun riga sun yi ɓarna. Fatar ƙugun Kaka ta yi ja, ta saluɓe, ta buɗe.

A waje kuma magana ta bazu. Wai 'yar wane ta ɗauko tsohon ubanta a bayan mota ta jefar a ƙofar wanta ta tafi yawo. Matan da ba su taɓa leƙo mu da ko kofin ruwa ba su ne suka fi kowa tafa hannu. Na ji wata tana cewa ladan shekara bakwai ya zube a rana ɗaya. Ban san wanda ya ba ta alƙalamin mala'iku ba.

Ran kwana na goma Gwaggo ta dawo, kamar yadda ta faɗa. Ta rame, idanunta sun faɗa. Abin da ya faru shi ne, ta isa Gombe ta tarar jijjiga ta kama 'yarta tun daren jiya, an tara mata masu tofi da hayaƙi. Ita ta tsaya kai da fata aka kai ta asibiti. Uwar ta rayu. Jaririn namiji ne, bai zo da rai ba. Malamar asibitin ta ce kumburin nan da tun farko aka kawo ta, da wataƙila ba a kai ga haka ba. Gwaggo ta san kumburi, ta san da tana can tun bayan azumi da ba ta bari an zauna a gida ba. 'Yarta ba ta sake samun ciki ba har ta tsufa.

Labarin ya riga ta isowa, Baffa ya sani. Ta yi sallama ta shiga falon, ta durƙusa ta gaida mahaifinta. Baffa bai ce mata ya haƙuri ba. Ya ɗaga gefen zanen ya nuna mata gyambon ya ce, “Ga abin da tafiyarki ta jawo.”

Ta duba ciwon da kyau, ta taɓa gefensa da yatsa. Sannan ta miƙe tsaye, abin da ba ta taɓa yi ba in tana magana da shi. Ta ce, “Shekara bakwai yana hannuna, ka taɓa ganin ko ƙurji a jikinsa? Kwana goma a hannunka ya ruɓe. Ni na binne jika na dawo, Yaya. Kai me ka binne?”

Mahaifina ne ya tashi ya fita neman motar da za ta mayar da Kaka gida.

Wata biyu ta yi tana wanke gyambon da ruwan gishiri kafin ya rufe. Amma gidan bai koma yadda yake ba. Mahaifina ya karɓi wankan safe, yana zuwa a kan kekensa kafin ya buɗe shago, kuma bai fasa ba har ƙarshe. Dattijuwar nan maƙwabciyarmu ta shigo wata Alhamis bayan azahar da tabarmarta da carbinta, ta ce, “Wushe, sannu da aiki. Tashi ki ba ni wuri. Alhamis da Lahadi nawa ne, daga yanzu zuwa magariba.” Ta ce ta daɗe tana jin kwanon ta katanga, amma tana ganin kamar shiga sha'anin gidan mutane ne. Ta ce ta yi kuskure. A cikin duk manyan da na sani a lokacin, ita kaɗai na ji ta faɗi wannan kalma da bakinta.

Na zaci Gwaggo za ta fita unguwa. Sai ta ɗauki tabarma ta shimfiɗa a gindin darbejiya, ta kwanta ta rufe fuskarta da gefen zane. Ta yi barci daga azahar har aka kira magariba, kaji suna tsallaka ƙafafunta ba ta motsa ba. Abin da ta yi shekara bakwai tana nema ke nan. Bai fi ƙarfin kowa ba. Ba gida aka ce a gina mata ba, ba Makka aka ce a kai ta ba.

Kaka ya ƙara shekara biyu ya rasu, da safe, kansa a hannun mahaifina. Baffa bai sake yi wa Gwaggo magana ba sai gaisuwar dole. A zaman makoki ina raba ruwa na ji manyan kasuwa suna yi masa addu'a, wai ɗa ne na gari, ya riƙe mahaifinsa shekara tara bai gaza ba. Ya sunkuyar da kai yana cewa amin. Gwaggo tana ciki tana wanke tukwanen sadaka. Ta tono kaskonta daga bayan ɗaki, ta gwada komawa turare, amma bayanta ya riga ya tafi, ba ta iya tsayuwa a kan wuta. Ba ta cika shekara biyu bayansa ba ita ma ta bi shi. Ba ta kai hamsin da biyar ba.

Yanzu abubuwa sun ɗan sauya. Akwai waɗanda ake ɗauka su zo gida su zauna da tsoho na wasu sa'o'i, akwai malaman jinya da ke zagayawa. Sai ka ji mutum ya taɓe baki ya ce wannan ba al'adarmu ba ce, mu ba ma ba wa bare iyayenmu. In na ji haka sai in tambaye shi yaushe rabon da ya wanke nasa. Abin da muke kira “mu muna riƙe iyayenmu”, in ka ɗaga labule ka leƙa, mace ɗaya za ka gani a durƙushe, sauran suna zaure suna karɓar yabo. Gari ya faɗaɗa, gidajen ƙasa sun koma na bulo, amma wannan matar tana nan a kowane layi.

Baffa ya yi tsawon rai. A ƙarshe shi ma ya kwanta, hankalinsa ya gushe. Na yi shekaru ban taka gidansa ba, sai da mahaifina ya matsa mini na je dubiya. Na tarar da shi a falon nan dai, ya ƙanƙance a kan katifa. Yana da 'ya'ya maza shida. Wadda na gani a kansa ita ce autarsa, yarinyar da ta bar karatu a tsakiya, hannayenta sun yi fari saboda ruwa da sabulu. Na tambaye ta yaushe rabonta da fita. Ta yi ta lissafi, ta kasa tunawa.

Na karɓi kofin kunun daga hannunta na ce ta je ta sa mayafi. Ta sa, ta zo ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona, ta ce, “Yaya, to ina zan je?”

Na ce, “Duk inda ƙafarki ta kai ki. Kada in gan ki sai magariba. Gobe kuma zan zauna da yayyenki, su shidan.”

Da ta fita na juya wajensa. Yana kallona bai san ko ni wace ce ba. Na ɗago kansa, na hura kunun, na ba shi a hankali yadda ba zai shaƙe ba. Ba don shi na zauna ba, kuma har yau ban ce na yafe ba.